Ruwan zafi da aikin famfo a sabon gida: wa zai fara, wa zai jira

Duk wanda ya taɓa bin gini tun daga fandisho har ranar tarewa ya san wannan abin. An gama filasta, bango ya yi sumul, wani lokacin ma har an manna tayil, sai sanyin Disamba ya shigo uwargida ta ce to ina za a sa hita, sai a kira falamba ya zo da guduma da cizal ya hau farfasa bangon da aka zuba wa kuɗi, bayansa mai wayarin ya zo shi ma ya tsaga nasa layin, ƙarshe a je neman irin tayil ɗin a kasuwa a ce ya ƙare tun bara. Mu a nan ba kamfani ɗaya muke danƙa wa gini ba, jinga ce, birkila daban, falamba daban, mai wayarin daban, kafinta daban, mai tayil daban, kowa yana zuwa ne ranar da kuɗin aikinsa suka samu, gini kuma sai ya ɗau shekara uku ko biyar. Waɗannan mutanen wasunsu ba za su taɓa haɗuwa ba in ba kai mai gida ka haɗa su ba, kuma aikin kowanne a cikinsu yana bi ta cikin na ɗan'uwansa.

A Ingila ko Jamus in ana maganar ɗumama gida ana nufin tukunyar da ke dafa ruwa tana tura shi cikin ƙarafunan da ke manne a bangon kowane ɗaki ko bututun da aka shimfiɗa ƙarƙashin daɓe. Mu ba ma buƙatar wannan, ko a Jos da ke kan tudu kusan mita 1,200 bargo da ƙaramar hitar ɗaki sun wadatar. Abin da ke gabanmu ruwan zafi ne, na wanka da hunturu, na alwalar asuba ga tsofaffi, na mai jego, na wanke kwanukan da manja ya daskare a jiki. Shi za mu tsara tare da sauran aikin famfo.

Tun ana kan takarda

Mataki na farko ba a filin gini yake ba, a kan zanen gida yake. In za ka kai zane hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, don a amince, ka ce wa mai zanen ya haɗa maka da shafin da ke nuna hanyar ruwa da na wuta, kar ka karɓi na ɗakuna kawai. Sannan ka zauna ka kalli inda bandakuna da kicin suke. In za ta yiwu a tara su waje ɗaya, bandaki ya jingina da bandaki, kicin ya raɓu da su, in bene ne na sama ya hau daidai kan na ƙasa. Dalili kuwa bututu mai milimita 25 in ya kai tsawon mita 15 yana riƙe da ruwa sama da lita 3, kuma wannan ruwan ya huce tun jiya, sai ka zubar da shi kafin mai zafi ya iso, kullum, kowace safiya, ga wanda yake sayen ruwa wajen 'yan garuwa ko yake ƙona fetur ya cika tanki wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A nan ne kuma za ka yanke shawarar da komai ya rataya a kanta, wato da me za a dafa ruwan. Akwai hita mai tanki, lita 15, 30, 50, 80 har 100, irin su Ariston da ake gani ko'ina, yawanci tana jan wat 1,500 ko kusa da haka. Akwai mai zafi nan take wadda ba ta da tanki, ita kuma tana iya jan wat 3,500 har 7,000. Akwai ta sola da ake ɗorawa a sama. Ni a ganina mai zafi nan take ba ta dace da irin wutarmu ba, don in ba wuta a daidai lokacin da ka shiga wanka shikenan, in kuma wutar ta zo ba ƙarfi ruwan ɗumi-ɗumi kawai zai yi. Mai tanki ko da tsakar dare aka kawo wuta za ta dafa ta riƙe zafin zuwa safe. Lissafinta ba wuya, ɗaga lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3 na wuta, wajen awa ɗaya da rabi ke nan a hita mai wat 1,500, kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki NERC ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya haura naira 200 kowane yunit, ka ga a wancan farashin dafawa ɗaya wajen naira 500 ce. Gida mai mutum goma ya kamata ya yi tunanin sola da gaske, rana dai ba ma rasa ta.

In ma ba ka da kuɗin hita yanzu, ka sa a binne bututun ruwan zafi da wayarta a toshe bakinsu a bari. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da na fasa bandaki bayan shekara biyu.

Zama ɗaya a filin, kafin a zuba jaman fulo

Ranar da bulon fandisho ya taso, ɗakuna sun fito, ba a cika ƙasa an zuba kankare ba tukuna, ranar nan ka tara birkila da falamba da mai wayarin a wajen lokaci ɗaya, ko da kai za ka biya musu kuɗin mota da na abinci. Ku shiga bandaki ɗaya bayan ɗaya da tef da fenti. Nan masai zai zauna, nan shawa, nan wajen wanke hannu, nan magudanar ƙasa, nan hita, nan makunninta. A shafa alamar a jikin bulo kowa yana gani, ka ɗauki hoto ka tura musu ta WhatsApp.

Kafin wannan zaman ka riga ka je Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ko duk inda kake sayayya ka zaɓi irin masan da za ka sa, in da hali ka sayi guda ɗaya ka kawo. Masai na zama iri biyu ne, wani ta ƙasa yake fitar da ƙazanta, wani ta bango. Mai fita ta ƙasa yawanci tsakiyar raminsa santimita 30 ne daga bango, amma akwai masu 25 akwai masu 40, kuma awon daga fuskar tayil ake yinsa ba daga tsiran bulo ba, don filasta da tayil za su ci santimita 3 zuwa 4. Mai fita ta bango kuma tsakiyar bututunsa wajen santimita 18 ne daga saman tayil ɗin ƙasa. Falamba zai ce maka, "Alhaji bar shi kawai, duk ɗaya ne, in an kawo za mu daidaita." Kar ka yarda. Daidaitawar da yake nufi ita ce ya sa wata roba mai lanƙwasa ko ya cusa siminti, nan ne wari da toshewa suke farawa. In na tsuguno za ka sa a wani bandakin shi ma a faɗa yanzu, yana buƙatar rami mai zurfi a ƙasa.

Maganar alƙibla ma yanzu ake yinta. Mutane da yawa ba sa son mai zama kan masai ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya, to sai a juya shi kudu ko arewa tun bututu bai shiga ƙarƙashin kankare ba. Haka ƙaramin famfo na ƙasa don cika buta, da ɗan tiyon tsarki a gefen masai wanda ruwan sanyi kaɗai za a haɗa masa, da wajen alwala a tsakar gida ko kusa da falon baƙi, da inda injin wanki zai zauna, da bututun da zai kwashe ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa, wannan na ƙarshen kusan kowa mantawa yake sai ka ga bango ya yi kore a waje.

A wannan ranar ku fita waje ku tsayar da wuri uku, sokawe, rijiya ko bohol, da inda za a kafa tanki. Tsakanin sokawe da ruwan sha kar ya gaza mita 15, in an samu 30 ya fi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 da 30 ne gaba ɗayansa, don haka ɗaya a gaba ɗaya a can ƙarshen baya, kuma ka leƙa ka tambayi maƙwabci ina nasa sokawen yake, kar ka nisanta da naka ka je ka haƙa bohol jikin nasa. Sokawe ya fi dacewa kusa da get inda motar kwashe shi za ta iya kawo tiyo.

Abin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa

Yanzu birkila ya dakata, filin na falamba ne. Bututun ƙazanta PVC ne, inci 4 na masai, inci 2 na shawa da wajen wanke hannu da kicin. A sayi mai kauri, akwai wani siriri mai araha da ko lebura ya taka shi da baro sai ya tsage, kuma ba za ka sani ba sai ranar da tayil ɗin falo ya fara danshi. Gangara ita ce komai a nan, kowace mita ɗaya bututun ya sauka wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi. In bai kai ba ƙazanta ta kwanta, in ya yi tsaye da yawa ruwa ya gudu ya bar ta a baya. Kar a auna da ido, a sa lebur na ruwa ko igiya. A shimfiɗa yashi ƙarƙashin bututun da samansa kafin a cika da jar ƙasa, ba a ɗora shi kan ɓaraguzan bulo ba.

A bi hanya mafi kusa a fitar da shi waje, kar a ratsa ƙarƙashin falo ko ɗakin kwana in akwai yadda za a kauce. Duk inda layi zai karya kwana ko biyu za su haɗu a waje a gina ɗan akwati mai murfi, ta nan za a zura sanda ranar da ya toshe. Layin kicin ka ba shi nasa akwatin kusa-kusa, don tsakin wankin hatsi da guntun tuwo da maiƙo shi ne layin da ya fi kowanne toshewa a gidajenmu. Ruwan wanka da na wanke-wanke gara a raba su da layin masai, in aka haɗe su ramin yana cika da wuri. Kowace magudanar ƙasa ta zama mai riƙe ruwa a wuyanta, wannan ɗan ruwan shi ke tare wari da kyankyasai, sannan a ɗaga bututun shaƙar iska daga layin masai har ya wuce saman kwano a sa masa raga a baki.

Kafin a rufe, a zuba bokiti biyu na ruwa ta kowane baki ka tsaya da kanka a wajen akwatin ka ga ya fito da gudu. Sannan a toshe kowane baki da murfi, ba da takardar buhun siminti ba, don ranar zuba kankare ba wanda zai lura da abin da ya faɗa ciki. Ka gaya wa birkila ƙasan bandaki ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita 3 zuwa 5.

In bene ne, wannan aikin zai maimaitu ranar dekin. Bayan kafinta ya gama katako an ɗaure rodi, kafin motar kankare ko leburori su fara, falamba da mai wayarin su hau su ajiye guntayen bututu a duk inda layi zai ratsa. Wanda ya bari sai kankare ya bushe sannan ya zo yana huda dekin yana yanke rodi, ko ya fasa bim ko fila don ya wuce da bututu, ƙarfin gidanka yake ci, wannan kam ko ya rantse maka ba komai kar ka bari sai injiniya ya gani.

Bango ya tashi, an yi rufi, ba a yi filasta ba

Wannan ne lokacin bututun ruwan sha da na zafi. Falamba ya fara, mai wayarin ya biyo baya, saboda waya tana iya zagaye bututu amma bututu ba ya son yawan kwana. A tsaga bango da injin yanka, guduma tana farfasa bulo mai rami. Layi ya tafi a miƙe, ko sama da ƙasa ko a kwance, ban da karkace, don gobe mai kafa madubi ko labule ya iya hasashen inda bututu yake. Inda layin wuta da na ruwa za su gitta, wuta ta bi ta sama.

Ruwan zafi ba ya bi ta PVC, daga digiri 60 ya fara laushi, gam ɗin ya saki. PPR ake sawa, koren nan da ake narka bakinsa da inji a wajen digiri 260 a haɗe. Ka duba rubutun jikinsa da idonka, na ruwan zafi ya zama PN20 ko PN25, PN10 na ruwan sanyi ne kawai, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya, a nan ake yi wa mutane sauyi. Babban layin da ya sauko daga tanki ya zama milimita 32 ko fiye, rassa 25, sai wanda zai shiga kan famfo 20. In aka ja gida gaba ɗaya da 20, ana buɗe famfon kicin shawa za ta mutu.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tsaya ka gani da kanka. Ka ce wa falamba ya haɗa maka guntu biyu a gabanka sannan ka ɗaga ka leƙa cikin. In ya bar shi ya daɗe a kan inji ko ya danna da ƙarfi fiye da kima, robar tana narkewa ta taru a ciki ta rage ramin, wani har ya kusa toshewa, daga waje kuma lafiya lau, ba ya yoyo, gwaji ma zai wuce, sai an tare a ga bandaki ɗaya ruwansa kamar fitsarin yaro kuma ba wanda ya san a wane elbo matsalar take cikin bango. Mai hannu mai kyau za ka ga zobe siriri a waje, ciki kuma a buɗe tas.

Zafi a hagu, sanyi a dama, a ko'ina cikin gidan, don baƙo ko yaro kar ya ƙone. Bakin biyu na famfon shawa mai gauraya ruwa tsakaninsu santimita 15 ne cif, a kan layi ɗaya, kuma zurfinsu a bango a yi shi da lissafin kaurin filasta da tayil, in sun nutse da yawa famfon ba zai kama ba. Tsayinsa wajen mita 1 zuwa 1.1 daga ƙasa, kan shawa mita 2 zuwa 2.1, wajen wanke hannu santimita 80 zuwa 85. Kowane bandaki da kicin a ba shi nasa makullin ruwa, don in famfo ɗaya ya lalace kar a kashe wa gida duka ruwa.

Wajen hita kuwa mutum uku ne suke da hannu. Birkila, saboda lita ɗaya kilo ɗaya ce, hita mai lita 50 in ta cika da nauyin ƙarfenta ta doshi kilo 70, bulo mai inci 6 mai rami ba zai riƙe ƙusoshinta ba, sai an cika ramukan bulon wajen da kankare tun ana ɗora shi. Falamba, ya fito da baki biyu a ƙarƙashinta ya bar sarari yadda za a iya zare abin dafa ruwan in ya ƙone, in kuma cikin silin za a ɓoye ta to mai silin ya bar ƙofa. Sai mai wayarin, kuma nasa ne ya shafi rai. Kowace hita da layinta tun daga allon rarraba wuta, da birekarta, ba a jona ta da soket ɗin ɗaki ba. Mai wat 1,500 a wutarmu ta bolt 230 tana jan amfiya 6 da rabi, waya mai milimita 2.5 ta isa in ta jan ƙarfe ce ta gaske, mai zafi nan take ta wat 7,000 kuwa amfiya 30 take ja, sai waya mai milimita 6. Makunnin mai tanki ya zama mai amfiya 20 mai yanke waya biyu, mai ɗan jan fitila, a wajen ƙofar bandaki. Wayar ƙasa dole ta isa jikin hitar ta tafi har sandar da aka kafa a ƙasa, kuma a sa birekar nan mai faɗuwa da kanta in wuta ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30. Da yawan gidajenmu waya biyu kawai ake ja a ce ai tana aiki. Tana aiki, har ranar da abin dafa ruwan ya tsage mutum yana tsaye cikin ruwa ba takalmi.

In za ka sa inbata da batir, ka gaya wa mai wayarin tun yanzu ya ware layukan hita daga layin inbata, in ba haka ba wani ya manta makunni a kunne batir ya ƙare kafin sallar isha'i. Ƙaramin janareta ma ba zai ɗauke ta ba. Ɗakin tsoho ko na jarirai a garuruwa masu sanyi a ba shi soket mai waya mai kauri don hitar ɗaki, ya fi a shiga da kaskon gawayi a rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane cikin barci. Saboda wannan dalilin dai hita mai aiki da gas ba a kafa ta cikin bandaki, waje ake sa ta inda iska ke wucewa.

Tsayin tanki da maganar sola

Ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tanki ba. Kowace mita 10 tana ba da matsi na "bar" ɗaya, shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa, ka ga tankin da gindinsa ya ɗara kan shawa da mita 3 kashi uku cikin goma kawai yake bayarwa, kuma yawancin famfunan zamani masu gauraya ruwa da manyan kan shawa sun fi son abin da ya fi haka, hita ma tana rage masa ƙarfi in ya ratsa ta. Ko dai a ɗaga hasumiyar tankin sosai, ko a sa ƙaramin injin ƙara matsi a gindinta, shi kuma yana son soket da rumfa, wani aikin mai wayarin ke nan da ya kamata ya sani da wuri. Tanki mai lita 2,000 tan 2 ne, mai walda ya san da haka. A yi masa inuwa, in ba haka ba a watan Afrilu ruwan sanyin ma ba ya taɓuwa da rana.

Hitar sola tana fuskantar kudu, inda inuwar tanki ko bishiya ba ta faɗa mata. Mai lita 200 in ta cika da ƙarafunanta ta kusa kilo 300, don haka kafinta ya sani kafin ya buga rufi, ko a yi mata dandamalin kankare nata, ni na fi son wannan don ana iya hawa a wanke ƙurar hunturu daga gilasan, lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da ƙura ta fi rufe ta. Irin wadda aka fi samu ba ta ɗaukar matsi, tankin ruwan sanyi ya fi ta tsayi don ya cika ta, ita kuma ta fi shawa tsayi, hawa uku ke nan, a lissafa tun kafin a yanka ƙarfen hasumiya. Kuma kar a sa wa layin sanyi inji a bar na zafi yana gangarowa da kansa, mai ƙarfin zai danne mara ƙarfin a cikin famfo, ka yi ta murɗawa ko ƙuna ko sanyi. Da bazara ruwanta yana kusa da tafasa, sai a fara da bututun ƙarfe mita ɗaya ko biyu daga bakinta a sa bawul mai surka ruwa kafin ya shiga PPR. Duk PPR ɗin da ke waje a naɗe shi, rana tana cinye shi, iska kuma tana sace zafin.

Gwaji, sannan filasta

Birkila zai matsa maka, "Yallaɓai yarana suna zaune, siminti zai daskare, a bari mu rufe." Ka ba shi haƙuri ya fara da ɗakunan da ba ruwa. A toshe duk bakunan, a cika layin da ruwa a fitar da iska, a sa famfon gwaji mai agogo a kai shi "bar" 10, ba tare da an haɗa hita ko kawunan famfo ba. Da farko allurar za ta ɗan sauka don robar tana buɗewa, a ƙara a mayar, daga nan ta tsaya. In ta ci gaba da sauka akwai inda yake tsiyaya, a bi kowane haɗi da busasshen hannu. Layin zafi da na sanyi duka. In falamba ba shi da injin ya aro ko ya yi haya, cika tanki a bari ya kwana ya fi babu, amma matsinsa kaɗan ne, ba ya tona haɗin da ya kama rabi da rabi.

Kafin filasta ta hau, ka bi kowane bango ka ɗauki hoto da tef a miƙe a jikin bututun, daga kusurwa da kuma daga ƙasa, ka adana a inda ba zai ɓata ba in waya ta lalace. A bar ruwa cikin layin da matsinsa har a gama filasta da tayil, in wani ya buga ƙusa ya huda nan take za a gani, ba sai bayan fenti ba. Bandakin sama a shafe ƙasansa da maganin hana ruwa ratsawa har ya hau bango, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana biyu, ka sauka ƙasa ka kalli dekin. Mai tayil kuma ya karkata ƙasan zuwa magudana, ka zuba bokiti ka gani kafin ka sallame shi.

Sai bayan tayil da fenti falamba zai dawo ya kafa masai da famfuna da hita. A fara sakin ruwa ta bakunan ya wanke yashi da ɓarɓashin roba kafin a ɗaura kawuna. A cikin kwalin hita akwai ɗan bawul da ake ɗaurawa a bakin ruwan sanyi, mai shuɗin zobe, yana hana ruwan zafi komawa baya kuma yana sakin matsi in ya yi yawa, shi ya sa yake ɗiga in tana dafawa. Wasu suna ganin ɗigar sai su toshe shi ko su cire wai yana yoyo, wannan ganganci ne, tanki ne rufaffe ake dafa ruwa a ciki. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana. Kuma kar a kunna wuta sai an buɗe famfon zafi ruwa ya fito ba tari ba iska, in aka kunna ta a bushe abin dafa ruwan ya ƙone cikin 'yan mintuna, abin da ke yawan faruwa ke nan a gidan da tanki ke ƙarewa ba a sani ba. A saita ta wajen digiri 60. In ruwan bohol ɗinka mai barin farin gishiri ne a jikin buta, sa matata a babban layi don yashi, kuma duk shekara ko biyu a buɗe hitar a kankare a duba sandar da ke hana tankin tsatsa.

Kuɗin falamba kuma ka raba shi yadda aikin ya rabu, ku yi maganar tun ranar kafin alƙalami: kaso ɗaya bayan aikin ƙasa an zuba ruwa ka gani, kaso ɗaya bayan gwajin matsi, kaso ɗaya bayan kafa kaya, sannan ɗan saura ya zauna hannunka har gidan ya yi sati biyu ana amfani da ruwa. Haka mai wayarin, nasa cikon sai ya danna maɓallin gwajin birekar a gabanka ka ga ta faɗi.